Shin Ko Kun San? Furen da Ke Jiran Dogon Dare

Shin ko kun san cewa a ƙasashen sanyi, idan kaka ta shigo sauran furanni suka fara yaushi, a lokacin ne kirisantimam ke buɗewa? Daga Satumba zuwa Nuwamba, shi ne adon lambuna a China da Japan da Turai da Amurka.

Tsawon dare ne ke yi masa jagora. Komai kyan ƙasa, komai yawan taki, ba zai yi fure ba sai dare ya tsawaita. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Garner da Allard, su suka bayyana wannan hali na tsirrai a 1920. Manominmu ma ya san irinsa a gonarsa: dawar gargajiya, ko an shuka ta da wuri ko an ɗan makara, sai damina ta doshi ƙarshe take fitar da kai.

Shi ya sa mai lambun da ya san abin da yake yi ba ya dasa shi kusa da fitilar titi ko ƙwan ƙofar gida, domin haske kaɗan a tsakar dare na iya jinkirta furen. Masu nomansa don sayarwa kuwa da wannan suke juya shi yadda suke so. In suna son ya yi sauri, sai su lulluɓe shi da baƙin ƙyalle tun da la'asar; in suna son ya jira kasuwa, sai su kunna masa fitila da dare, kamar yadda ake yi a yankin Aichi na Japan. A ganina, a nan hikimar noman furen nan take.

Ko kun san ana tsinke masa kai da gangan? Tun yana ƙarami ake cire tohon sama don ya yi rassa, amma a ƙasashen arewacin duniya ana dainawa wajen tsakiyar Yuli, kada a tsinke har da furen da ke tafe. Saiwarsa ba ta nisa, don haka yana saurin jin ƙishi, kuma in ruwa ya kwanta masa sai ta ruɓe. A gindi ake ba shi ruwa, ba a kan ganye ba. Yana son rana ta awa 6 ko fiye, a kuma raba gindinsa bayan shekara 2 ko 3.

Asalinsa daga China ne, inda har shayinsa ake sha. A Japan hatimin sarki ne, kuma hotonsa na kan bangon fasfon ƙasar. Gwanayen can suna rainon tsiro guda har ya ɗauki fure sama da 1,000. A Faransa da Italiya kuwa furen makabarta ne, ana kai shi kaburbura a farkon Nuwamba, don haka ba a kai wa mai gida shi a matsayin tsaraba.

Akwai kuma ɗan'uwansa mai farin fure, firetaram, wanda a da Kenya ta daɗe tana kan gaba wajen nomansa. Da garin busasshen furensa aka fara yin maganin sauron nan mai murɗe da muke kunnawa da dare, a Japan, a ƙarshen ƙarni na 19. Yawancin na yanzu da sinadaran da aka kwaikwaya daga gare shi ake yin su.