Yadda Ake Auna Sheƙin Kaya

Duk wanda ya halarci hawan salla a Kankiya ko Kusada ya san yadda sabuwar shadda da baƙin rawani ɗan Kura suke ɗaukar ido cikin hantsi. Wannan sheƙi aikin masu bugu ne, waɗanda ke ɗora tufa a kan gungume su yi ta dukanta da sandunan itace. Tun kafin Turawa su zo ake wannan sana'a a Kano da Kura, kuma Buzaye suna sayen turkuɗi saboda ƙyallinsa. To, mene ne sheƙi, kuma yaya ake auna shi?

Idan haske ya faɗa a kan abu mai sulɓi kamar madubi, yakan koma ta hanya guda, a kusurwa daidai da wadda ya zo da ita. Idan kuwa abin mai kaushi ne, kamar bangon laka, sai hasken ya warwatsu ta kowane ɓangare. Yawan hasken da ya koma ta hanya guda ɗin shi ne ido ke gani a matsayin sheƙi. Bugu yana danne zaren auduga ya kwanta, ya toshe ramukan da ke tsakanin saƙa, don haka hasken da ke warwatsuwa ya ragu. Haka abin yake a tsirrai. Ganyen mangwaro yana da siririn rufi na kakin halitta wanda ke rage fitar ruwa, shi ya sa yake ƙyalli, ganyen kabewa mai gashi kuwa ba ya yi.

Mai bugu da idonsa yake sanin aiki ya yi. Amma ido yana yaudara, domin abin da aka gani da rana ba shi ake gani da almuru ba, kuma mutum biyu kan saɓa a kan abu ɗaya. Masana'antar da ke fitar da dubban galan na fenti ba za ta dogara da haka ba. Idan ƙofar mota ta fi sauran jikin ƙyalli, mai saye zai ƙi ta, asara ta hau kan kamfani. Saboda haka ne masana a Amurka, irin su A. H. Pfund a 1925 da Richard Hunter a shekarun 1930, suka ƙera na'urorin auna sheƙi.

Na'urar ta yau ba ta wuce a riƙe ta da hannu ɗaya ba. A cikinta akwai fitila a gefe guda, da ƙwayar da ke karɓar haske a ɗaya gefen. Kafin a fara aiki, ana ɗora ta a kan gogaggen baƙin gilashi wanda aka ba maki 100, shi ne mudun da ake auna sauran kaya da shi. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 2813, wadda ta shafi fenti, ta tanadi kusurwa uku, kuma ana ƙirga su daga layin da ya tsaya cak a kan abin. Ana farawa da digiri 60. Idan maki ya haura 70, sai a koma digiri 20, idan ya gaza 10, a koma digiri 85. Masu yin takarda sun fi amfani da digiri 75.

Awon yana da wani amfani kuma. Fentin da rana da ƙurar hunturu suka fara ci yakan rasa sheƙi tun kafin ya tsage, don haka na'urar kan nuna lalacewa da wuri. Sannan ba kullum ake son ƙyalli ba. Allon aji da aka shafa wa fenti mai sheƙi yakan mayar da hasken taga cikin idon ɗaliban da ke gefe, su kasa karanta rubutun alli.

Ɗalibai za su iya gwada wannan da tocila a ɗaki mai duhu. A shimfiɗa ƙyalle biyu na yadi ɗaya, wanda aka buga da wanda aka wanke, a haska kowanne daga gefe, wani ya tsaya a ɗaya gefen yana dubawa. Daga nan a sauya kusurwar tocilar, a rubuta inda bambancin ya fi fitowa.