YADDA AKE CIRE FULIN INJI IDAN YA FASHE

Ga kaka ta yi, injunan niƙa da na sussukar masara ba su da hutu. A irin wannan lokaci ne fuli ya kan fashe. Fuli shi ne ƙarfen nan kewayayye da ke bakin sandar inji, watau karanshaf, wanda bel ke hawa ya juya abin niƙa. Galibi da ƙarfen zubi ake yin sa, shi kuwa ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage.

Kwanan baya na tarad da wani manomi a ƙauye, fulin injinsa na fetur ya fashe, gindin ya maƙale. Sai ya ɗauki guduma ya yi ta bugun bakin sandar. Bakin ya baje, boris ya lalace. Maimakon fuli mai araha, sai da ya sayi karanshaf, inji ya yi mako biyu a kwance. Garin neman gira ya rasa ido. Saboda haka ga hanyar da ta fi.

Da fari, a bar inji ya huce, a rufe fetur, a cire wayar filogi don kada ya tashi. A sauke bel. A zuba kananzir inda fuli ya kama sandar, a bar shi ya kwana, gama tsatsa ce ke riƙe da shi.

Na biyu, a kwance notin da ke bakin sandar. In tana juyawa tare da sifana, a cire filogi, a toshe ramin da yatsa, a juya sandar har a ji iska na turo yatsan. Wannan alama ce bawul duka biyu sun rufe. Sai a cusa igiya mai tsabta cikin ramin, a bar bakinta a waje. Fistin zai danne ta ya tsaya, notin ya kwantu. A duba gindin fulin kuma, sau da yawa akwai ɗan sukuru ɗaya ko biyu a gefe. In ba a sassauta su ba, fuli ba zai motsa ba.

Na uku, a aro fula wurin makanike, watau ƙarfen nan mai ƙafa biyu ko uku da sukuru a tsakiya. A mai da notin wurinsa kaɗan, don sukurun fula ya tokari kansa, kada ya ɓata zaren sandar. Ƙafafun su kama bayan gindin fulin, ba bakin da ya tsage ba. A ɗaure sannu sannu, ana ƙwanƙwasa gefen gindin da ƙaramar guduma. Kada a sa ƙarfe a yi ɓanɓare da jikin inji, murfin nan na alminiyam ne, nan da nan zai fashe, baƙin mai ya riƙa zuba.

In babu wurin kamawa, a yanka gindin da zarton ƙarfe daidai saitin ki, watau ɗan ƙarfen da ke hana fuli zamewa. Ta nan zarto zai ci ki, ba sanda ba. Sa'an nan a tokare ƙarƙashin gindin da katako, a sa cizal cikin yankan, a buga kaɗan, zai buɗe.

Bayan ya fita, a goge sandar da samfefa mai laushi, a shafa giris kaɗan. A tafi kasuwa da tsohon gindin, don akwai sanda mai kaurin inci uku bisa huɗu, akwai mai milimita 20. Ido ba ya rarrabe su, amma fulin wannan ba ya zama daidai a waccan. A sa sabon ki kuma.

Abin da ke fasa fuli abu uku ne: ɗaure bel da yawa, da rashin saiti tsakanin fuli biyu, da sukurun da ya saki. A sa miƙaƙƙen katako a duba saiti. In an danna tsakiyar bel da babban yatsa, ya shiga kamar rabin inci. Sauri kan haifi nawa, jama'a. Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.