Abubuwan Mamaki Daga Ajin Bayokemistiri

Jama'a, yau ajin masu nazarin sinadaran jikin halitta a jami'a muka leƙa. Ga tsarabarku.

Zaren DNA da ke cikin ƙwayar halitta ɗaya tak ta jikinka, in an warware shi, zai kai kusan mita 2. Amma an naɗe shi a gurbin da ido ba ya gani. Naɗi kenan!

Da haruffa 4 kacal aka rubuta zaren nan: A, T, G da C. Da su aka tsara giwa, da su aka tsara kiyashi. Ikon Allah sai kallo!

Sikila, wadda gidaje da yawa a ƙasar Hausa suka san raɗaɗinta, sauyin harafi ɗaya ce. Shi ke canza amino asid guda a furotin mai ɗaukar oksijin, sai jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su riƙa toshe ƙananan hanyoyin jini. Mai AS kuwa, wanda ya gaji harafin ta ɓangare ɗaya, yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa abin ya yawaita inda sauro ya yi kaka-gida. Samari da 'yan mata, gwaji kafin sa rana!

Maitokondiriya, sassan da ke mayar da abinci kuzari, suna da nasu DNA ɗin daban, kuma daga uwa ake gadonsa. Dangin uba, sai haƙuri!

Ƙarfe ne ya sa jininmu ja. Na ƙaguwa kuwa jan ƙarfe ke ciki, in ya sha iska sai ya yi shuɗi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi!

Daɗe kana tauna lomar shinkafa, za ka ji zaƙi-zaƙi. Yawu ne ya fara farfasa sitaci zuwa sukari tun kafin ka haɗiye. Yawu ba ya zaman banza!

Farin ruwan ɗanyar gwanda da ganyenta suna da sinadarin da ke yanyanka furotin, don haka naman da aka naɗe a ganyen yake laushi. Tsohon zakara, kwananka ya ƙare!

Goro ba ya cire gajiya. Kafeyin ɗin cikinsa tare gurbin sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa an gaji yake yi. Barci dai bashi ne, sai an biya!

Barkono ba ya ƙona harshe, jijiyar jin zafi yake tsokana. Ta tsuntsaye ba ta kula shi, don haka kaza ke caccakarsa hankali kwance. Kai kuma a miƙo ruwa!