Wutar Murhu Da Wutar Fitila

Yau zancen wuta za mu yi, domin tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 babu abin da bai tashi ba, har itace da gawayi, da yake a mota ake kawo su gari. Maigida ya ba da kuɗin cefane yadda ya saba, sa'an nan a bar uwargida da lissafi.

To, mu fara da murhu. Shi murhun nan namu mai duwatsu uku, yawancin zafinsa iska ce ke kwashewa ta gefe, kaɗan ne ke isa gindin tukunya. In kika kwaɓa laka da ƙaiƙayi kika zagaye duwatsun, kika bar ƙofa ɗaya ta tura itace da 'yar kafa ta hayaƙi, da kanki za ki ga damin ya daɗe bai ƙare ba. Itacen kuwa ya zama busasshe, domin ɗanye sai ya ƙone ruwan jikinsa tukuna kafin ya ba ki zafi. Hayaƙin nan ma ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Ku tuna da goyon da ke bayanku sa'ad da kuke hura wuta.

Akwai wata dabara da malamarmu ta koya mana muna makarantar horon malamai. Ran da ta nuna mana, dariya na yi, ina cewa a raina yaushe bargo ya zama murhu? Ga yadda take. Ki bar shinkafa ta tafasa kamar minti biyar, ki sauke tukunyar da murfinta a rufe, ki zaunar da ita cikin kwando wanda kika shimfiɗa wa tsumma, ki lulluɓe da tsohon bargo. Kada ki buɗe don leƙe, nan ne akan ɓata aikin. Bayan kamar awa ɗaya za ki tarar ta nuna, ba ƙanzo. Wake kuwa a jiƙa shi tun dare, a tafasa shi sosai, sa'an nan ya shiga kwandon, amma shi yakan ɗauki sa'o'i. Sai dai kada a bar abinci ya kwana a ciki, zai lalace. Yanzu haka nake yi kafin in tafi aji, in dawo in tarar da abin rana da ɗuminsa.

Sai fitila. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, in ya yi awa biyar kowane dare, a wata yakan ci yunit 9. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensu kusan ɗaya ne, yunit ɗaya da sulusi kawai zai ci. A Afrilu 2024 an kai yunit naira 225 ga waɗanda ke layin Band A, watau a farashin nan ƙwai ɗaya naira 2,025, ɗaya kuwa wajen 300. Ki ƙidaya ƙwayayen gidanki, har da na zaure wanda yakan kai hantsi a kunne. In za ki saya, ki duba lambar wat a jikin kwali, ki kuma sa mai kanti ya gwada miki shi a gabanki kafin ki biya.