Maganar Gyaran Fili a Kwarbai: Abin da Muka Jiyo

'Yan'uwa manoma, da yawa daga cikinmu ta wajen kasuwa kaɗai muka san birnin Zariya. Mukan kai masara da barkono da tumatir, mu sayar, mu juyo gida kafin rana ta faɗi. A wannan karo mun ɗan dakata. Mun shiga ta Ƙofar Doka, muka bi titi har Ƙofar Fada, muka yi kwana biyu tare da mutanen Kwarbai, unguwar da take maƙwabtaka da gidan Sarkin Zazzau. Abin da ya kai mu kuwa shi ne maganar fili. Ikilisiyoyinmu da yawa suna da fili a gaban majami'a ko a bayan makaranta, an kuma sha tayar da zance a taron ƙungiyoyinmu na gama kai, ko a kewaye shi da katanga, ko a jera shaguna a bakinsa domin a sami kuɗin haya. Sai muka ce bari mu je wurin waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaune wuri ɗaya, mu ji yadda suke duban nasu.

Birnin tsoho ne ƙwarai. Masana tarihi sukan ce wajen 1536 ne Bakwa Turunku ya mai da shi mazaunin sarautar Zazzau, har wa yau kuwa ana kiran fada Gidan Bakwa. Waɗanda suka gina ganuwa ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun haɗa da gonaki da fadama da wuraren kiwo, domin in abokan gaba suka tsare ƙofofi jama'a su sami abin ci daga ciki. Itatuwa ma suna da daraja a wurinsu, har unguwanni suka ci sunansu, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko da Rimin Danza. Mu ma muna da rabo a cikin wannan, gama Likita Miller ya zauna a Durumin Maigarke a cikin birni kafin a mai da aikin mishan Wusasa a 1929. Ashe gidan mishan na farko ma da sunan itace aka san shi.

Yau yawancin gonakin nan na cikin ganuwa sun zama gidaje. Abin da ya rage shi ne babban filin Ƙofar Fada, inda ake hawan Sallah, inda kuma sahu yakan malalo ran Juma'a, sai ƙananan filaye a tsakanin lunguna, wani da itace ɗaya, wani a bakin kududdufi. Mutanen ƙasashen Turai suna da lambun shaƙatawa mai kujeru da furanni. Mutumin Kwarbai fili da inuwa yake da su, aikin da suke yi masa kuwa ya fi na shaƙatawa nesa.

Mun zauna a gefen wani ƙaramin fili tun daga asuba don mu gani da idonmu. Da sassafe 'yan mata masu koko da ƙosai ne suka kama bakin hanya. Da hantsi aka sako awaki da tumaki. Da rana ta ɗaga masu ɗinkin hula da na babbar riga suka shimfiɗa tabarmi a inuwa, gama zauren gida ba ya ba su hasken da allura take so. Bayan la'asar yara suka kafa duwatsu biyu-biyu suka fara ƙwallo, ƙura ta tashi, masu ɗinki suka naɗe kayansu suna ƙunƙuni. Da dare sai mai shayi da mai tsire. An faɗa mana in ana ɗaurin aure ko zaman makoki, nan ne baƙi suke zama, tun da ba gidan da zai ɗauke su. Wato fili ɗaya ne, amma masu shi sun kai kashi shida ko bakwai, kowa da sa'arsa, ba kuwa wanda ya taɓa rubuta musu wannan tsari.

Maganar gyara ta yi ƙarfi ne tun 2019, sa'ad da gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Gwamna Nasir El-Rufai ta ɗauki aikin sabunta biranen Kaduna da Zariya da Kafanchan. An faɗaɗa tituna, an yi magudanan ruwa, an sa fitilu, an kuma rushe gine-ginen da suka tare hanya. Tun daga lokacin, in an ce za a gyara fili, kowa ya san abin da ake nufi: a kewaye shi, a daɓe shi da siminti, a sa fitila da wurin zama, wataƙila a jera shaguna a gefe. A kan wannan ne muka tambayi ra'ayin mutane.

Samari su ne suka fi ɗoki. Suna so a baje filin, a kwashe ƙusa da fasassun kwalabe, a sa raga da fitila domin su yi wasa har bayan magariba. Sun ce yaron da yake da wurin ƙwallo ba ya zuwa bayan ganuwa neman abin da zai sha ya bugu. Mun ga gaskiyarsu a nan. Amma da muka tambaye su ina awaki za su tsaya in an sa ƙofa da kwaɗo, sai suka yi dariya, suka ce masu awaki su ɗaure abinsu a gida.

Dattawa ba su ƙi gyara ba, tsoronsu katanga ne. A ganinsu ranar da aka kewaye fili, ranar ce ya sami mai shi guda ɗaya, watau wanda yake riƙe da mabuɗi. Yau zai buɗe wa kowa, gobe zai ce a biya kuɗin shara, jibi a tarar da shago a kusurwa. Sun tuna mana da filayen da suka sani suna yara, waɗanda aka fara da cewa za a tsare su ne daga masu zubar da shara, yanzu ko alamarsu babu. Garin neman gira, in ji su, kada a rasa ido.

Ra'ayin mata ne ya fi wuyar samu, shi ne kuwa ya fi ba mu abin tunani. Matan aure da yawa a cikin birni ba sa fita da rana, ba sa kuma zuwa taron zaure. 'Yan'uwanmu biyu na Zumuntar Mata ne suka shiga gidaje suka gaisa da su. Abin da suka jiyo bai shafi ƙwallo ko kujera ba. Sana'ar matan nan a cikin gida take, ƙuli-ƙuli da dambu da ɗinkin hannu, kasuwarsu kuwa ita ce bakin filin, inda 'ya'yansu suke kai talla. In aka jera shaguna na haya, mai shago ba zai bar yarinya ta ajiye faranti a ƙofarsa ba. Abu biyu suka roƙa, famfo ko rijiyar burtsatse kusa, da fitila a lungun da yara suke bi da dare. Lalle mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da a ce a zaure kaɗai aka yanke shawara, da ba wanda zai ambaci ko ɗaya daga cikin biyun.

KUDUDDUFI

A nan ne gardama ta fi zafi, mu ma muka rabu biyu. Kududdufan birni ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, tun zamanin da kowane gida da tubali da maƙuba ake yin sa. Masu ƙananan yara suna so a cike su. Sauro yana haihuwa a ciki, yaran da suke wanka suna ɗaukar tsargiya, ga kuma tsoron kada yaro ya zame ya nutse. Ba wanda zai ce wa uwa wannan tsoro ba kome ba ne.

Amma mu manoma mun san ruwa ba ya ɓata, wuri yake sakewa. Ƙasar Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, watau inci 40, mafi yawansa kuwa a cikin Yuli da Agusta da Satumba yake sauka. Ruwan da yake zubowa daga indararo da rufin kwano na dukan unguwa, kududdufi ne yake shanye shi, ya riƙe, ya sake shi a hankali cikin ƙasa, rijiyoyin gidaje su amfana da rani. In aka cike ramin aka daɓe bisansa, ruwan zai bi lungu ya nemi gida mafi gangare, ya jiƙa gindin katangar ƙasa. Masu gidajen da suke ƙasa-ƙasa sun faɗa mana haka tun kafin mu buɗe baki. A ganinmu a yashe kududdufi, a hana zuba shara da bahaya a ciki, a dasa shinge mai rai a bakinsa saboda yara, ya fi a binne shi. In kuwa dole ne a cike, to, a fara gina magudanar da za ta kai ruwan waje, kada a bar ta sai daga baya.

Sharar ma ta shafe mu. A da masu jakuna sukan kwashe juji da toka da kashin dabbobi daga cikin birni a mangala, su kai gonakin bayan ganuwa kafin damina. Birni ya tsarkaka, gona ta ƙoshi. Yanzu leda ta cika jujin, manomi sai ya tsince kafin ya watsa, akuyar da ta haɗiye ta kuwa takan rame har ta mutu. Duk gyaran filin da bai ware wurin toka da taki dabam da na leda ba, shekara guda ta isa ya koma yadda yake.

RIMI

Hausawa suna cewa rimi adon gari, Zariya kuwa da shi aka san ta tun daga nesa. Yakan kai ƙafa 100 ko fiye. Da audugarsa ake cusa matashi da katifa, da ita kuma aka cika lifidin mayaƙan dā. Duk da haka mun tarar da waɗanda suke so a sare tsofaffin, muka kuma fahimci dalilinsu. Saiwar rimi tana tsaga katanga, reshensa in ya ruɓe yakan faɗo ba sanarwa. Mutanen unguwar nan sun ga abin da tsohon abu yake yi in ya gaji. Ran 11 ga Agusta 2023 wani sashi na Masallacin Juma'a na Ƙofar Fada ya rufta a kan masu sallar la'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, tun zamanin Sarki Abdulkarimu a wajen 1830 da wani abu, irin gwanintar bakan gizo da aka bi aka gina majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa. Mun yi musu ta'aziyya, Allah ya ƙara musu haƙuri. Wanda ya ga wannan, in ya ɗaga kai ya dubi busasshen reshe a bisa inda 'ya'yansa suke wasa, ba za mu ce masa matsoraci ba.

Sai dai sara na yini ɗaya ne, inuwa irin wannan kuwa sai jikoki. Abin da muka ba da shawara shi ne a kira ma'aikatan gandun daji su duba kowane itace, a rage rassan da suka mutu da rani, wanda cikinsa ya ruɓe a sare, a dasa biyu a madadinsa. Masu ɗinki sun goyi bayan haka nan da nan. Samari suka ce su dai kada a dasa a tsakiyar filin ƙwallo.

Saura maganar takarda, wadda ta fi shafar ikilisiyoyinmu. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara. In hukuma ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar gini da amfanin gona da itatuwa ake biya. Filin da ba gini, ba shuka, ba takarda, a idon mai awo ba na kowa ba ne, ko da mutum ɗari suna cin abinci a kansa kowace rana. A Littafin Firistoci sura 25 aya 34 an hana sayar da filayen kiwo da suke kewaye da biranen Lawiyawa, ko da yake an yarda a sayar da gida a fanshe shi. Tun a can an san fili ya fi gida saurin salwanta. Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta auna filinta, ta nemi takarda da sunan jama'a, ba da sunan shugaba ko mai wa'azi ba. Kafin a taɓa shi kuma a sa mutum biyu, mace da namiji, su zauna a gefensa yini guda su rubuta duk wanda ya yi amfani da shi, har maƙwabtanmu Musulmi da makiyayan da suke ratsawa, a kira su duka a ji bakinsu.

Ba mu baro Kwarbai da magana ɗaya ba. Dattawa da samari ba su daidaita a kan katanga ba, maganar kududdufi ma tana nan. Abin da muka ga kowa ya yarda da shi, fitila ce da sabbin itatuwa.

Ga waɗanda suke so su gwada rimi a filinsu: kwanson yana fashewa a ƙarshen rani, wajen Maris da Afrilu. A tsince 'ya'yan daga cikin audugar, a shuka a leda mai ƙasa da taki, a riƙa ba da ruwa a inuwa. A dasa a Yuni ko Yuli sa'ad da ruwa ya zauna, a ba shi tazarar taki 20 ko fiye daga kowane gini ko rijiya, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki har shekara uku. Mai gaggawar inuwa ya haɗa da darbejiya a gefe, amma kada a sa itacen turare kusa da gona ko rijiya, gama yana shan ruwa ƙwarai. Wanda yake da rimi a garinsu ya tara mana iri, ya ba sakataren ƙungiyarsa ya kawo taro mai zuwa, mu raba.