Yadda Kyuba ta horar wa Timor ta Gabas likitoci

Bayan da al'ummar Timor ta Gabas suka kaɗa ƙuri'ar ɓallewa daga Indunusiya a shekarar 1999, 'yan bindiga masu goyon bayan Jakarta sun ƙone asibitoci da dama, yayin da akasarin likitocin, waɗanda 'yan Indunusiya ne, suka fice. Haka ƙasar ta sami 'yanci a 2002 da likitoci 'yan ƙalilan.

Ɗauki ya zo ne daga wani tsibiri mai nisan dubban kilomitoci. A taron ƙasashen 'yan ba-ruwanmu na Kuala Lumpur a 2003, shugaba Fidel Castro na Kyuba ya gana da takwaransa Xanana Gusmao, kuma a 2004 ayarin farko na likitocin Kyuba ya isa birnin Dili.

Sai dai ƙashin bayan shirin shi ne horarwa. Kyuba ta ɗauki ɗaruruwan ɗaliban Timor karatun likitanci kyauta, ta kuma taimaka aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a Dili a 2005. Ko da rikici ya ɓarke a ƙasar a 2006, likitocinta ba su janye ba.

Ita kuwa Timor ta Gabas ta sha kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya kan a ɗage takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba.

Horon dai ya fi karkata ga rigakafi da kula da lafiya a matakin farko, don haka an ci gaba da fama da ƙarancin ƙwararru a fannoni irin su tiyata.