Ƙullin Da Ke Cikin Ƙwayar Shan Inna

Duk lokacin da masu ɗigon rigakafi suka shigo Kebbe da akwatunan sanyi a kafaɗa, akwai tambayar da iyaye mata ke yi musu: ba an ce an gama da shan inna ba? Tambaya ce mai kyau. Tun 2016, a Jihar Borno, ba a sake samun yaron da ƙwayar shan inna ta asali ta shanye a Nijeriya ba, kuma ran 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da ita. To, me ya sa har yanzu ake bin gida gida daga Tambuwal zuwa ƙauyukan iyakar Zamfara? Amsar tana cikin jikin ƙwayar kanta.

Ƙwayar shan inna ba ta da komai sai wani zare guda a cikin ɓawo. Masana suna kiran zaren RNA. Rubutu ne mai haruffa wajen 7,500, amma iri huɗu kacal: A, U, G da C. A yana kama U, G yana kama C. Saboda haka zaren ba ya zama a miƙe. Yakan naɗe ya kama kansa, ya yi ƙulle-ƙulle. Mai karatu ya tuna da igiyar guga: ba tsawonta kaɗai ke aiki ba, ƙullin bakinta shi ke riƙe gugan.

A farkon zaren akwai ƙulli mai kama da ganyen wake, wato tsinke ɗaya da ganye uku. A nan sinadaran ƙwayar da na jikin yaron suke taruwa kafin a soma kwafi. A warware shi, aiki ya tsaya. Can tsakiya kuma akwai wani ƙarami da ake kira cre, inda ake haɗa ɗan guntun da injin kwafi yake ɗora rubutu a kansa. Daga nan injin ya bi zaren harafi bayan harafi. Cikin kamar awa 8, ƙwaya ɗaya ta zama dubbai a hanjin yaro. Sai dai injin nan magatakarda ne mai gaggawa, ba ya komawa ya duba abin da ya rubuta. Kusan kowane kwafi da kuskurensa.

Ɗigon da Dokta Albert Sabin ya ƙirƙiro, wanda aka soma amfani da shi sosai wajen 1961, ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Babban rauninta yana wani ƙulli na uku kusa da farkon zaren, wanda ke taimaka mata ta ƙera kayan aikinta. Harafi ɗaya ya sauya, ƙullin ya yi sako-sako, ta kasa cin jijiya. Yaro ya sha, jikinsa ya koyi yaƙi da ita, ta fita ta bayan gida, shi ke nan.

Amma fa a garin da aka tsallake yara da yawa, takan samu hanya. Ta bi ƙazanta da ruwan sha daga wannan yaro zuwa wancan, wata da watanni, tana ta kwafi tana ta kuskure, har harafin nan ya koma yadda yake a da, ƙullin ya ɗaure tamau. Wannan ita ce ta shanye yara fiye da 400 a Nijeriya a 2021, kuma a shekarun da suka biyo baya Sakkwato, Zamfara da Kebbi suna cikin jihohin da ta fi damu. A ganina gara a faɗa wa iyaye wannan a fili. Ɓoye-ɓoye shi ke ba jita-jita ƙafa, kuma mun ga abin da jita-jita ta jawo a 2003, lokacin da Kano ta dakatar da rigakafi, cutar ta tsallaka har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda ke cikin hatsari shi ne yaron da bai sha ba.

Masana a Amurka da Ingila sun koma kan ƙullin suka sake saƙa shi, yadda sauyin harafi ɗaya ba zai mai da shi ba. Suka kuma ɗauke cre daga tsakiya suka kawo shi farkon zaren. Dabara ce: ƙwayoyin hanji sukan yi musayar guntaye, to in wannan ta yar da gyararren kanta ta ɗauki na wata, ta yar da cre ɗinta ke nan, ba sauran kwafi. Injin ma an rage masa kuskure. Sunan sabon ɗigon nOPV2, kamfanin Bio Farma na Indunusiya ke yin sa, kuma Nijeriya ce ta fara ba da shi a duniya, a watan Maris na 2021. Shi ma yakan juya jefi-jefi, amma ƙasa da tsohon ƙwarai, kuma a inda aka bar yara ba rigakafi ne yake samun damar.